Tsutsar Auta da Ludayin Baba

Ɗakin da ake rigima a kansa ba wani ɗaki ba ne. Yana can ƙuryar gida, bayan kejin kaji, tsawonsa taku huɗu, faɗinsa taku uku, da taga ɗaya wadda ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse. Shekara da shekaru ba mai shigarsa sai ɓeraye. Amma ranar da Auta ta share shi ta jera robobinta a ciki, ranar Yaya ya tuna cewa tun bara yake neman inda zai riƙa ajiye ƙarafansa. Wannan ba buƙata ba ce, ƙyashi ne, ko da yake shi bai taɓa kiransa haka ba.

Yaya mai walda ne, rumfarsa tana bakin titi, kuma shi ne mai kajin gidan. Kajin nama yake kiwo, irin waɗanda ake sayowa 'yan kwana ɗaya a kwali, su yi sati shida a kai su kasuwa. Auta ƙanwarsa ce. Tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare, ita ke wanke kwalabe ta jera kayan awo kafin ɗalibai su shigo. Tana zaune da mijinta a saman bene, layi biyu daga gidan, inda ko wurin shanya sai an yi karɓa-karɓa, shi ya sa ta kawo robobin gidan ubanta. Ta haura talatin, 'ya'yanta biyu, amma har yau Auta ake kiranta, kuma har yau Yaya gani yake ba ta iya ɗaura zane ba.

Abin da ke cikin robobin tsutsa ce. Ba tsutsar mushe ba. Ta wani baƙin ƙuda ce mai dogon jiki kamar zanzaro, wanda ba ya cizo, ba ya kuma sauka a kan abincin mutane. Auta ta yi wa ƙudajen gidan sauro a jikin tagar inda rana ke shigowa, ta rataya musu gutsattsarin kwali, a cikin 'yan ramukan kwalin suke saka ƙwai. In ƙwan ya ƙyanƙyashe sai ta juye a roba, ta zuba dusa da ɓawon 'ya'yan itace. Cikin sati biyu tsutsar ta yi ɓul-ɓul. Sai ta tankaɗe, ta tsoma a ruwan zafi, ta shanya a kan kwano, ta kai inji a niƙa. Garin da ke fitowa ruwan ƙasa ne, ƙamshinsa kamar an soya gyaɗa. Ta ce wannan garin zai iya maye gurbin garin kifi da wani kaso na waken suya a abincin kaji, domin abin gina jikin da ake nema a cikinsu yana cikinsa, ga shi kuma daga shara ake samunsa.

Yaya ya ce kajinsa ba kajin juji ba ne. Auta ta ce tun da aka halicci kaza ƙwari take ci, ba ta taɓa ganin wadda ta shiga ruwa ta kamo kifi ba. Matar Yaya ba ta shiga gardamar ba, sharaɗi ɗaya ta kafa: duk ranar da ta ga tsutsa a kicin ɗinta, ita da robobin sai dai ɗaya ya bar gidan. A kicin ba a taɓa gani ba. A cikin takalmin Yaya aka gani, da safe, yana saurin fita aiki. Tsutsar in ta gama girma takan fita daga robar ta nemi busasshen wuri mai duhu, wannan kuwa ta same shi.

Ranar da yamma aka zauna a gaban Baba. Yaya ya ce a kwashe robobin kafin ƙarshen sati. Auta ta ce a ba ta dama ta gwada tukuna, ta kuma faɗi yadda za a yi. A sayo 'yan tsaki arba'in, a raba kejin biyu da ragar waya, ashirin nan, ashirin can. Na Yaya su ci abincin da suka saba, nata su ci mai garin tsutsa. Bayan sati shida a ɗora su a sikeli. In nata suka gaza nasa nauyi, da hannunta za ta kwashe robobin. In ba su gaza ba, ɗakin ya zama nata.

Yaya ya yarda, sai dai ya ce bai amince ta riƙa shiga kejin ba, don ya san halinta, za ta riƙa ƙara wa nata a ɓoye. Ta ce ita ma ba ta amince da shi ba. Sai duk suka juya suka kalli Baba.

Ba a yi mamaki ba. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana rabon abinci a kicin ɗin wata makarantar kwana, kuma ba a taɓa samun ɗalibin da ya ce an ba wani fiye da shi ba. Ɗan shugaban makaranta da ɗan mai gadi ludayi ɗaya suke samu, a cike, a shafe. Har yau in tsofaffin ɗalibai suka gamu da shi a hanya, abin da suke tuna masa ke nan. Mutumin da aka sani da wannan hali, wa zai zarge shi da son kai a kan kaji?

Auta ta je wurin mai injin niƙa ta tsaya a kansa aka haɗa abinci iri biyu. Ta zuba nata a shuɗiyar duro, na Yaya a baƙa. Ta yi wa Baba bayani sau uku: shuɗiya ta kejin hagu ce, baƙa ta kejin dama, awo ɗaya, lokaci ɗaya, ruwa iri ɗaya. Ta rubuta a takarda ta manna a ƙofa. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai, ya karɓi makullin kejin ya ɗaura a igiyar wandonsa.

Haka aka fara. Kullum da Auta ta taso aiki sai ta biya wurin mai sayar da 'ya'yan itace a kan kwana, wanda yanzu yake tara mata ɓawo da ruɓaɓɓun mangwaro a buhu, yana kiranta uwar tsutsa a gaban masu sayayya. Ba ta damu ba. Ta kai buhun ɗakin, ta juya abin da ke cikin robobi da cokalin magina, ta sa hannu ta ji ɗuminsu, ta rage wa wanda ya jiƙe da yawa ruwa da busasshiyar dusa. Ta gane cewa wari ba daga tsutsar yake ba, daga ragwanci yake; robar da aka cika wa abinci fiye da ƙima ita ce ke tsami. Tun da ta gane haka matar Yaya ta daina toshe hanci in za ta wuce shanya.

In ta gama sai ta zo jikin ragar kejin ta waje, nan take tarar da Yaya da kayan aikinsa a jiki, yana leƙe. Tun sati na biyu ya fara cewa nasa sun fi faɗin ƙirji. Ita kuma ta ce hasken walda ya gama da idonsa, ya dubi ƙafafun nata, kamar ginshiƙai. Ya ce nata barci suke yi da yawa, alamar cuta. Ta ce alamar ƙoshi. Kowannensu yana nuna wa ɗan'uwansa bambanci da yatsa, kowannensu kuma ya rantse yana gani. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba yana jinsu, in sun yi yawa sai ya ce su matsa, suna tsorata masa yara.

A sati na huɗu aka yi kwana uku ana zafi mai tsanani. Kaza ɗaya ta mutu a hagu. Yaya ya zo da murmushinsa ya yi wa Auta gaisuwar rashi. Washegari ɗaya ta mutu a dama, ita ma ta je har rumfa ta rama gaisuwar. Baba ya ce to, ai yanzu ba wanda zai yi wa wani gori.

Ranar awo Auta ta aro sikelin rataye daga wurin aiki, aka ɗaura shi a jikin katakon rufin kejin, aka rataya bokiti. Yaya ke kamowa, Auta ke karanta allura, matar Yaya ke rubutawa a bayan kwali, saboda ita kaɗai ce ba wanda yake zargi da iya ƙarya cikin sauri. Goma sha tara nan, goma sha tara can. Da aka haɗa aka raba, sai ga na hagu kilo biyu da ɗan ɗoriya, na dama ma kilo biyu da ɗan ɗoriya, ɗoriyar ma kusan ɗaya. Yaya ya ce a sake. Aka sake, bai canza ba.

Yaya yana da taurin kai, amma ba ya cin alkawari. Ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin kwaɗon ɗakin ƙurya, wanda ya daɗe yana riƙe da shi ko da yake ɗakin a buɗe yake, ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba. Auta ta karɓa, ta yi ɗan rausaya a tsakar gida kamar yarinya, har matar Yaya ta taya ta da tafi biyu kafin ta tuna ɓangaren da take. Don ya huce, Yaya ya kama ɗaya daga kejin dama ya yanka, aka dafa. Yana ci yana cewa shi dai ya gode wa Allah, naman da ke bakinsa bai taɓa sanin tsutsa ba, kuma duk mai harshe zai ji bambanci.

Washegari ba aiki, Auta ta zo da sassafe ta wanke mazuban abinci. Tana jawo shuɗiyar duro don ta share bayanta sai ta ga wani babban baho a kife, da tsohon ludayi a ƙarƙashinsa. Ba ita ta kawo su ba. Ta birkice bahon. Gari ya kama gefensa ya bushe, zobe a kan zobe, irin na abin da aka daɗe ana motsa abu a ciki. Ta kankare da farce ta shinshina. Ƙarnin kifi ta fara ji, sannan ƙamshin gyaɗa.

Ta ɗauki bahon ta fito. Baba yana kujerarsa yana shan shayi.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na haɗi."

"Haɗin me?"

"Awo ɗaya daga shuɗiya, awo ɗaya daga baƙa. In motsa, in raba biyu."

Auta ta ajiye bahon a hankali, ta tsuguna a gabansa, ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kwana na huɗu. Kwana ukun farko ya bi takarda, Allah ya gani. Amma in ya zuba, sai na dama su bar nasu su zo su tura kai ta ragar suna kallon na hagu, na hagu su ma su zo su tura nasu. Ya ce ya san wannan kallon, shekara talatin da ɗaya yana ganinsa a layin abinci. Bai san wanne ya fi daɗi ba, bai kuma san wa ake zalunta ba, amma ya tabbata ana zaluntar wani, kuma da hannunsa.

"Baba, ai gwajin ke nan. Sai an bambanta su za a san wanne ya fi."

"Ke kika san gwaji. Su yunwa suka sani."

"Ba wanda ya ji yunwa fa. Awo ɗaya ne."

"Awo ɗaya ba tukunya ɗaya ba ne, Auta. Rufi ɗaya, rana ɗaya aka kawo su a kwali ɗaya, a ce wannan ya ci kaza wancan ya ci kaza? Ban taɓa yi wa 'ya'yan mutane ba."

Ba kunya a fuskarsa, ko kaɗan. Ya ma ƙara da cewa ai ga shi sun fito daidai wa daida, me kuma ake nema. Da ta tambaye shi ko Yaya ya sani, ya ce ba wanda ya tambaye shi. In an tambaye shi zai faɗa, in ba a tambaye shi ba, shi ba mai yawo da magana ba ne.

Ta koma cikin kejin ta zauna a kan duro. Makullin yana ƙulle a bakin gyalenta, tana jin nauyinsa. Yaya ba zai taɓa tambaya ba, ba ya ma shiga bayan duro. In ta wanke bahon ta mayar kicin, magana ta mutu. Ta kuma samo wa kanta hujjoji masu kyau: ba ita ta yi haɗin ba, ba ta yi ƙarya ba, kajin duk sun ci tsutsa kuma sun yi ƙiba. Hujjar mai son riƙe abin da ba nasa ba kullum kyau gare ta. Amma Auta aikinta wanke kwalba ne, ta san cewa in kwalba ɗaya ta gurɓata, abin da aka auna a cikinta zubarwa ake yi, komai kyan lambar da ta fito. Sati shida ta yi tana nuna wa Yaya ƙafafun kajin da abinci ɗaya suke ci da nasa. Har yanzu ba ta san ko garinta ya isa shi kaɗai ba, kuma don ta sani ta fara.

Ta gyara gyalen ta fita.

Ta tarar da Yaya a durƙushe a kan wata ƙofar ƙarfe, da baƙin gilashi a fuska, tartsatsi na tashi. Rumfar cike take da rodi da guntayen bututu, janareta na ruri a gefe. Ta tsaya nesa ta kau da ido har ya ɗago. Ya kashe injin ya tambaye ta ko wani ɗakin ta zo karɓa. Ta kwance makullin ta ajiye a kan ƙofar, ta gaya masa komai, bahon da ludayin da kwana na huɗu.

Yaya ya cire gilashin, ya goge goshi da bayan hannu.

"Wato ta jiya ma?"

"Ita ma."

"Wadda na ci?"

"Har ka tsotse ƙashi."

Ya tofar da yawu gefe, ya sake tofarwa. Sai kuma dariya ta kama shi, irin wadda ke fara wa mutum daga ciki, har ya zauna a kan tukunyar gas ya dafe gwiwa. Ya ce shi wallahi tun farko ya kamata su sani, mutumin da ko alewa ɗaya ya samu sai ya fasa ta da guduma ya raba musu suna yara. Da dariyar ta lafa, ya ɗauki makullin ya jefa a aljihu, ya ce to, tun da ba a yi gwaji ba, ba a ci ba ke nan. Ta ce ta sani. Ya mayar da gilashin ya tada injin.

Ba ta roƙe shi ba. Ta dawo gida, ɗakin dama a buɗe ta bar shi, ta fara fito da robobin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a inuwar katanga, tana tunanin wace ƙawa ce ke da bayan gida da haƙuri. Baba ya ga haka ya ajiye kofin shayinsa, ya tambaya. Da ya ji, bai ce ya yi kuskure ba, amma ya tashi ya kama mata roba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba.

Sun fito da ta shida ke nan sai ga Yaya ya shigo da falle biyu na kwanon rufi a kafaɗa da akwatin kayan aiki a hannu. Ya wuce su ya shiga kejin, ya fara kwance ragar wayar da ke tsakiya. Ya ce a nan za a kafa kwanon, daga ƙasa har sama, kada kaza ta sake ganin kwanon cin 'yar'uwarta. Sannan ya zaro makullin ya cilla wa Auta.

"Aro ne, za a sake gwajin. Sati shida. In naki suka gaza ko da nauyin gashi ɗaya, zan zuba rodi a ɗakin nan har rufi."

"In ba su gaza ba fa?"

"Sai ki koya mini yadda ake hana su shiga takalmi."

Ya juya ga Baba cikin ladabi ya ce yanzu da kwano a tsakani ba sauran kallon juna, zai iya bin takarda. Baba ya ce a'a. Su ba za su gani ba, amma shi zai gani. Ya kwance makullin kejin daga igiyar wandonsa ya ajiye a kan kujera, ya ce su nemi mai busasshiyar zuciya, shi ya yi ritaya karo na biyu.

Matar Yaya tana bakin kicin da tsintsiya a hannu. Ta jingine ta, ta zo ta ɗauki makullin. Ta ce shekara takwas tana share kashin kaji a gidan nan, ba ta da ko ɗigon tausayinsu, kuma ita ba ta ƙi ɗakin ya koma na rodi ba, ba ta ƙi ya zauna na tsutsa ba, in dai za a daina yi mata gardama a kan abinci. Shuɗiya hagu, baƙa dama, ta ji. Ta kuma ce daga yau duk wanda ta kama a jikin raga yana leƙe, miji ne ko ƙanwar miji, da ruwan wanke-wanke za ta sallame shi.

Auta ta sunkuya ta ɗauki robar da ta fito da ita ƙarshe, ta juya da ita ciki. Yaya ya ce ta bar sauran tukuna, ta zo ta riƙe masa kwanon, kuma ta riƙe da kyau, kada ta karkatar da shi ta ƙara wa kejinta faɗi.